Ɗaukar Murya da Wayar Hannu Ba Tare da An Ajiye Ta Ba

An shirya wannan ɗan littafi ne domin a bayyana wa jama'a wani abu da ke faruwa kullum a cikin wayar hannu, wanda masu wayar da yawa ba su san da shi ba. Ko wace waya tana da kunne, watau makirfo, kuma manhajojin da a ke sa mata su kan nemi izni su saurara ta wannan kunne. Waɗansu su kan ɗauki murya su ajiye, waɗansu kuwa su kan yi aikinsu da ita nan take su yar. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. A da, in mutum ya yi magana a zaure, abin da zai rage nata shi ne abin da masu ji suka riƙe a ka, shi ma kwana kaɗan an manta rabinsa. Yanzu kuwa maganar da aka ɗauka da waya tana iya yin shekaru tana nan yadda aka faɗe ta, har ta faɗa hannun wanda ba domin shi aka yi ta ba. Sabo da haka ya kamata ko wane mai waya ya san yadda a ke ɗaukar murya, da inda a ke ajiye ta, da yadda a ke yi a ɗauka ba tare da an ajiye ba.

TUN YAUSHE A KE KAMA MURYA?

A cikin 1857 wani Bafaranshe mai suna Leon Scott ya ƙera wata na'ura mai zana motsin murya a kan takardar da aka baƙanta da hayaƙin fitila. Na'urarsa zane kawai ta ke yi, ba ta iya mayar da zanen ya zama sauti, shi ma bai yi nufin a ji ba, nufinsa a duba da ido. Amma a cikin 2008 waɗansu masana a Amurka suka ɗauki wata takarda da ya zana a 1860, suka sa kwamfuta ta karanta ta, sai ga murya ta fito. Watau abin da aka ajiye a kan ba mai iya jinsa, an ji shi bayan shekara 148. Wannan abin lura ne ƙwarai: duk abin da aka ajiye, wata rana a kan sami mai buɗe shi.

A 1877 Thomas Edison na Amurka ya ƙera na'urar da ke ɗaukar magana ta kuma maimaita ta, wadda daga baya ta haifi garmaho. A 1898 Valdemar Poulsen na ƙasar Denmark ya ɗauki murya a kan siririyar wayar ƙarfe da maganaɗisu. A 1963 kamfanin Philips ya fito da kaset ɗin nan da kowa ya sani. A cikin dukan waɗannan na'urori ɗauka da ajiyewa abu ɗaya ne, domin ba yadda za a ɗauki murya sai an rubuta ta a kan faifai ko zaren kaset. Sai da aka koma ga kwamfuta, wadda wayar hannu ƙaramar 'yar'uwarta ce, sa'an nan aka iya raba su biyu.

YADDA WAYA KE JIN MAGANA

In mutum ya yi magana, iskar da ke gaban bakinsa ce ke girgiza, girgizar kuwa tana tafiya wajen mita 340 a cikin sakan ɗaya. A cikin makirfo akwai wata 'yar fata siririya ƙwarai, kamar fatar ganga amma ba ta kai ƙwayar gero faɗi da yawa ba. In girgizar iska ta buge ta sai ita ma ta motsa, motsin nan kuma ya zama ƙarfin lantarki mai hawa da sauka. Waya ba ta san sauti ba, lambobi kaɗai ta sani. Don haka sai ta riƙa auna ƙarfin lantarkin nan a kai a kai, ko wane awo ta rubuta shi da lamba.

Yawan awon ya danganta da irin aikin. Tarho na da ya kan auna sau 8,000 a sakan ɗaya, shi ya sa murya ta kan ɗan dushe a cikinsa. Manhajojin da ke mayar da magana rubutu su kan auna sau 16,000. Faifan CD, wanda ya fito a 1982, sau 44,100 ne. Dalilin wannan adadi shi ne, kunnen ɗan Adam ya kan ji girgiza daga 20 zuwa wajen 20,000 a sakan, kuma ƙa'ida ce sai an auna fiye da ninki biyu na girgizar da a ke son kamawa.

Ko wane awo ya kan ci wuri na bait 2. To, in an auna sau 16,000 a sakan, an sami bait 32,000 ke nan. A minti ɗaya ya zama 1,920,000, kusan megabait 2. A awa ɗaya kuwa ya haura megabait 115. In da awon CD aka yi, minti ɗaya ya fi megabait 5. Ana iya matse lambobin su koma kashi ɗaya cikin goma ko ƙasa da haka, kamar yadda a ke yi wa saƙon murya, amma duk da haka sai sun sami mazauni. Tambayar da wannan littafi ya tsaya a kanta ita ce, ina a ke zuba lambobin nan?

ALLO DA RUMBU

Waya tana da wuraren riƙe abu iri biyu, kuma wanda ya gane bambancinsu ya gane rabin maganar. Na fari ana iya kwatanta shi da allon makaranta. A kansa waya ke yin lissafinta, ta rubuta ta shafe sau dubbai a cikin ƙiftawar ido. Abin da ke kan allon nan yana rayuwa ne muddin akwai lantarki. In an rufe manhaja sai a ba wata wurin ta rubuta nata a kai, in an kashe waya kuwa duka ya tafi. Na biyu kamar rumbu ya ke. A nan ne hotuna da waƙoƙi da saƙonni ke zama, ko an kashe waya, ko batir ya mutu, suna nan. Ko wane ƙunshi da aka sa a rumbun nan da sunansa shi a ke kira fayil.

Duk muryar da makirfo ya ji sai ta fara bi ta kan allo. Daga nan maƙerin manhaja ne ke da zaɓi: ko ya bar ta a kan allo har a shafe, ko ya kwashe ta ya kai rumbu, ko ya aika da ita ta intanet zuwa kwamfutocin kamfaninsa. Waɗannan su ne hanyoyi uku da za a duba ɗaya bayan ɗaya.

HANYA TA FARI: A SAURARA, KADA A RUBUTA

Akwai ayyuka masu yawa da ba su bukatar a ajiye kome. Manhajar da ke auna ƙarar injin a masaƙa ko a wurin niƙa, abin da ta ke so shi ne ta san ƙarfin ƙarar a wannan lokaci. Manhajar da makaɗi ke daidaita tsirkiyar kayan kiɗansa da ita, ita ma amon da ke fita yanzu ta ke nema. Haka wadda ke nuna wa kurma da rubutu abin da a ke faɗa a gabansa. A irin waɗannan, waya ta kan miƙa wa manhaja lambobin guntu guntu. Ga misali, guntu ɗaya mai awo 1,600, watau kashi ɗaya cikin goma na sakan. Manhaja ta duba shi, ta fitar da abin da ta ke nema, sa'an nan guntu na gaba ya zo ya hau kan na baya ya shafe shi. Kamar ruwan da ke bi ta indararo ne, mai tsayuwa a ƙasa yana ganin yawansa, amma ba a tara shi a randa ba.

Manyan tsare-tsaren waya guda biyu duk sun tanadi wannan hanya ga maƙera manhaja. A wayoyin Android kayan aikin sunansa AudioRecord, a wayoyin iPhone kuwa AVAudioEngine. Dukansu lambobin su ke miƙawa tsurarsu, ba su rubuta fayil sai in maƙerin ne ya ga dama ya rubuta da kansa.

Da wannan dabara ne kuma waya ke jiran a kira sunan mataimakin cikinta, irin su Siri na kamfanin Apple, wanda ya fito a 2011. Waya ta kan riƙe 'yan sakan kaɗan na abin da ta ji a kan wani ɗan yanki na allo. In rubutu ya kai ƙasa sai ya koma sama ya hau kan na da. Muddin ba ta ji kalmar kiran ba, haka za ta yi ta zagayawa, abin da aka faɗa ɗazu ya riga ya shafe. Wannan hanya ita ce mafi aminci, domin abin da ba a taɓa kai wa rumbu ba, ba a bukatar a tuna a fitar da shi.

HANYA TA BIYU: A RUBUTA, SA'AN NAN A GOGE

Waɗansu ayyuka ba su yiwuwa sai an riƙe muryar na ɗan lokaci. Mai koyon wani harshe yana so ya faɗi jimla, ya sake jin kansa, sa'an nan ya wuce. Mai aika saƙon murya yana so ya saurara kafin ya aika, in bai yi masa ba ya fasa. A nan maƙeri ya kan yi amfani da wani kayan aikin dabam, MediaRecorder a Android, ko AVAudioRecorder a iPhone. Waɗannan sun fi sauƙin sarrafawa, suna kuma matse muryar da kansu, amma suna da sharaɗi ɗaya: ba su fara aiki sai an gaya musu sunan fayil da wurin da za su rubuta shi.

Maƙeran da ke son sauƙin nan amma ba su son fayil sun daɗe da wata dabara. A cikin tsarin Unix, wanda Android da iPhone duk suka gaji ɗabi'unsa, akwai wani wuri mai suna /dev/null. Rami ne marar gindi, duk abin da aka zuba a ciki ya ɓace nan take. Sai su ce wa kayan aikin ya rubuta a can, su kuwa su riƙa karanta ƙarfin ƙarar kawai. Dabarar ta yi amfani shekaru, sai dai ba a ko wace waya ta ke aiki ba, kuma wanda ya zuba murya a ramin nan ba shi da abin da zai sake saurara.

Hanyar da aka fi bi ita ce a rubuta fayil na wucin gadi. Ko wace manhaja tana da wani ɗan lungu nata na kanta a cikin rumbu, wanda aka keɓe domin tarkacen aiki. Sauran manhajoji ba su iya leƙa shi, ba a kuma haɗa shi a cikin kwafin da waya ke aikawa Google Drive ko iCloud, kuma in wuri ya yi ƙaranci waya da kanta ta kan share shi. A nan ya kamata a rubuta muryar, a yi aiki da ita, da an gama a goge.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar wannan hanya kuwa uku ce. Ta fari, tsakanin rubutawa da gogewa akwai lokaci. In batir ya mutu a tsakani, ko manhaja ta tsaya cik, ko kira ya shigo ya katse ta, umurnin gogewa bai kai ga zartuwa ba, fayil yana nan. Maƙeri mai hankali ya kan sa manhajarsa ta share lungun nan duk sa'ad da aka buɗe ta. Ta biyu, wani maƙerin don ganganci ya kan rubuta fayil ɗin a fili, wurin da hotuna da waƙoƙi su ke. A wayoyin Android na da, duk manhajar da aka ba iznin shiga ma'ajiya tana iya karanta abin da ke wannan fili. An fara taƙaita wannan a Android 10 na 2019, aka ƙarfafa a Android 11 na 2020, amma tsofaffin wayoyi suna nan da yawa a hannun mutane. Ta uku, sharar da waya ke yi da kanta ba ta da rana tsayayya, tana iya yin watanni ba ta yi ba in rumbu bai cika ba.

HANYA TA UKU: IN MURYA TA BAR WAYA

Manhaja tana iya cewa ba ta ajiye kome a waya, ta kuma faɗi gaskiya, alhali kuwa ta riga ta aika da muryar can wata ƙasa. Gogewar da aka yi a waya ba ta taɓa abin da ke kwamfutar kamfani.

Akwai masu aikawa da abin da bai kai murya ba. Shazam, manhajar da ke gaya wa mutum sunan waƙar da ya ke ji, misali ce mai kyau. Ta fara aiki a Ingila a 2002, tun kafin wayoyin zamani. A lokacin mutum ya kan buga lamba 2580, ya kara wayarsa kusa da lasifika, jim kaɗan saƙo ya zo masa da sunan waƙar. Kamfanin Apple ya saye ta a 2018. Yadda ta ke aiki a wayar zamani shi ne, ta saurara na 'yan sakan, ta tsinci wuraren da amo ya fi ƙarfi, ta haɗa su su zama wata alama kamar zanen yatsa, sa'an nan ta aika da alamar a gwada da na miliyoyin waƙoƙi. Zanen yatsa ya isa a gane mai shi, amma ba a iya gina mutum daga zanen yatsarsa. Kamfanin Google ya wuce nan a wayarsa Pixel 2 ta 2017, inda a ke yin gwajin duka a cikin wayar, ba a aika kome.

Akwai kuma masu aikawa da muryar kanta, a nan ne aka sami matsala. A cikin 2019 jaridu a Amurka da Beljiyam da Ingila suka bayyana cewa kamfanonin Amazon da Google da Apple suna ba ma'aikatan haya guntayen muryoyin da mataimakansu suka ɗauka, su saurara domin a gyara kurakuran na'ura. A cikin guntayen har da waɗanda aka ɗauka bisa kuskure, na'ura ta zaci an kira ta alhali mutane hirarsu su ke yi. A watan Agusta na shekarar Apple ya ba da haƙuri, ya ce daga nan ba zai riƙe muryar kowa ba sai wanda ya yarda da kansa. A 2021 kuma ya mayar da gane magana na Siri cikin wayar kanta a sababbin wayoyinsa. A 2023 Amazon ya yarda ya biya dala miliyan 25 a Amurka, bayan hukuma ta zarge shi da riƙe muryoyin yara da na'urar Alexa ta ɗauka ba iyaka. A cikin zargin har da cewa ko iyaye sun nemi a goge, wani lokaci a kan goge muryar a bar rubutun abin da yaron ya faɗa. Wannan ya nuna wani abu da a kan manta: in an mayar da magana rubutu, rubutun ma ajiya ne.

SAƘON MURYA NA JI SAU ƊAYA

Saƙon murya ya shiga WhatsApp a 2013, ya kuma sami karɓuwa ƙwarai, musamman ga waɗanda faɗa ya fi musu sauƙi da rubutawa. A 2022 kamfanin ya ce ana aika saƙon murya wajen biliyan 7 ko wace rana. Tun 2016 saƙonnin a kulle su ke tafiya, ba mai buɗe su sai mai aikawa da mai karɓa. Amma kullewar a hanya ce. In saƙo ya isa, ya kan zauna a wayoyin biyu, mai karɓa kuma yana iya tura shi ga wanda ya so.

A watan Disamba na 2023 aka ƙara saƙon murya na ji sau ɗaya. Mai aikawa ya kan taɓa alamar lamba 1 kafin ya aika. Mai karɓa zai ji sau ɗaya, ba zai iya turawa ko ajiyewa ba, in kuma ya yi kwana 14 bai buɗe ba saƙon ya ɓace. Wannan yana da amfani ga abin da ba a so ya daɗe, kamar kwatancen gida ko maganar iyali. Sai dai a sani, ba abin da zai hana mai karɓa ya kara wata wayar kusa ya ɗauka sa'ad da ya ke ji. Na'ura tana iya tsare fayil, amma amana tana wurin mutum.

SHIN ABIN DA AKA GOGE YA TAFI?

In an goge fayil, abin da waya ke fara yi shi ne ta cire sunansa daga jerin abin da ke rumbu, ta ce wurin ya zama fili. Lambobin suna iya zama a wurin har sai an share ko an rubuta wani abu a kai. A wayoyin zamani haɗarin ya ragu ƙwarai, domin abin da ke rumbunsu a kulle ya ke da mabuɗi na lissafi, kuma in fayil ya tafi da mabuɗinsa, abin da ya rage tarkace ne marar ma'ana. Amma katin ajiya da a ke sakawa a cire, galibi ba a kulle ya ke ba, kuma mai gyaran waya da ya san aikinsa yana iya dawo da abin da aka goge a kansa. Haka kuma waɗansu manhajoji suna da kwandon shara. Manhajar ɗaukar murya ta iPhone, ga misali, ta kan riƙe abin da aka goge har kwana 30 kafin ta zubar. In kuma waya ta riga ta aika da kwafi can wurin ajiya na intanet kafin a goge, kwafin yana nan sai an bi shi.

ABIN DA DOKA TA CE

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tabbatar wa 'yan ƙasa sirrin kansu da na gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu na tarho. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma domin wannan aiki. Daga cikin ƙa'idodinta akwai cewa kada a karɓi bayanin mutum fiye da abin da aikin ke bukata, kada kuma a riƙe shi fiye da lokacin da a ke bukatarsa. Ghana ta yi irin wannan doka tun 2012, ta Tarayyar Turai kuwa ta fara aiki ran 25 ga Mayu, 2018. Muryar da za a iya gane mai ita tana cikin bayanan da irin waɗannan dokoki ke karewa. Sabo da haka maƙerin manhaja da ya ajiye murya ba dalili, ya ɗora wa kansa nauyin tsaronta da kuma amsa tambaya in ta fita. Haɗarin ya ƙaru a 'yan shekarun nan, tun da an sami na'urorin da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun maganarsa, 'yan damfara kuwa suna amfani da su su roƙi dangi kuɗi da muryar ɗan'uwansu.

ABIN DA MAI WAYA ZAI YI

Rigakafi ya fi magani. Ga abubuwan da ke hannun ko wane mai waya:

1. A lura da neman izni. Tun 2013 a iPhone, tun 2015 kuma a Android, manhaja ba ta buɗe makirfo sai ta tambaya. In manhajar tocila ko ta lissafi ta nemi makirfo, a hana ta. In akwai zaɓin ba da izni na wannan karo kaɗai, shi ya fi.

2. A lura da ɗigon da ke fitowa a saman fuskar waya. A iPhone tun 2020 ɗigo ne ruwan lemo, a Android tun 2021 kore ne. In ya fito alhali mutum ba ya kira, ba ya ɗaukar kome, wata manhaja ce ke saurare, a duba wace ce.

3. A riƙa shiga saitin waya lokaci lokaci a duba jerin manhajojin da ke da iznin makirfo, a janye na waɗanda aka daina amfani da su.

4. A Android ana iya duba girman tarkacen ko wace manhaja a share shi. In manhajar da ta ce ba ta ajiye murya tana ƙara ƙiba duk sa'ad da aka yi magana da ita, akwai abin dubawa.

5. A gwada kashe intanet. In manhajar ta ƙi aiki, alama ce tana aikawa waje. In ta yi aiki, a cikin waya ta ke yin lissafinta, ko da ya ke wannan bai hana ta aikawa daga baya ba.

6. Kafin a sayar da waya, ko a ba da ita kyauta, a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Kafin a kai ta gyara kuwa, a cire katin ajiya.

Ba ko wace murya ce ya kamata a yar ba. Ɗan kasuwar da aka yi ciniki da shi ta saƙon murya, saƙon shi ne shaidarsa in gardama ta taso, kada ya yarda a yi masa irin wannan magana da saƙon ji sau ɗaya. Mai tattara tarihi daga bakin dattawa, da wanda a ke yi wa barazana ta waya, su ma ajiyewa ce ta fi musu. Abin nufi shi ne ajiyewa ta zama da niyya da sanin mai muryar. Wadda a ke bukata a adana ta wuri mai tsaro, wadda ba a bukata kuwa a bar ta a kan allo ta shafe, kada ta kwana a rumbu. Wanda zai ɗauki muryar wani ya nemi yardarsa tukuna, ya kuma gaya masa abin da zai yi da ita da ranar da zai goge.